Zanen da Na Yi wa Ɗantani

Shekara talatin da ɗaya ina zanen hula a garin Wudil. Duk matar da ke ɗinkin hula daga unguwarmu har Dagumawa, in ta kawo mini farin ƙyalle, zan zauna da biro in fitar mata da zane, gefen dama bai saɓa wa na hagu ba ko da tsinin allura. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ɗauka hannuna ne ke da matsala. Hannuna lafiyarsa ƙalau. Ɗan Adam ne ke da wuyar zanawa.

Sunana Turai. A gidan mu huɗu ne: ni, da Malam maigidana, da autarmu Yusra da ke karatun zanen gine-gine a jami'ar garin nan, sai yayanta. Shi ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mu haka muka taso. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a tsura masa ido. Ana yaye shi kakarsa ta Indabo ta ɗauke shi, bai dawo hannuna ba sai da ya shiga sakandare. In zan ba shi abinci sai in ce wa Yusra, "Miƙa wa wancan." In ya durƙusa yana gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Yaran yanzu suna ce wa wannan ƙauyanci. Su ce.

Wasu samarin garin nan suna yin wani fim mai dogon zango, *Bakin Gada*, suna ɗora kashi ɗaya a Yutub duk Laraba. Yayan Yusra yana ciki. Shi ne Ɗantani, mai tallar soyayyen kifi a bakin gada, wanda kullum ake cinye masa kifi a gudu. Ba shi ne jarumin ba. Jarumin wani ne Bilya, mai baƙin tabarau, da ba ya iya furta magana uku bai gyara wuyan riga ba.

A gida kowa ya san ba na kallon fim ɗin. Abin da ba su sani ba, duk Laraba da hantsi in Malam ya fita majalisa, nakan tura ƙofar ɗaki in ɗauki wayata. Kuma ina da hujja. Wanda nake kallo Ɗantani ne, shi kuwa Ɗantani ba ni na haife shi ba, Lukman darakta ne ya ƙirƙiro shi. Ina iya kallonsa, ina iya kiran sunansa, har in ce masa, "Kai Ɗantani, riƙe tiren da kyau mana, ga ɓarawon nan a bayanka."

Ana nan sai Lukman ya fito da wata sabuwar fitina. Wai 'yan wasa sun yi yawa, za a rage. Masoya su zana wanda suke so a cikin fim ɗin su ɗora a shafinsu na Fesbuk, wanda aka ga ba shi da masoya za a kashe shi a kashi na ashirin. Kafin mako ya zagayo Bilya ya samu zane ya fi arba'in. Har uwar Bilya ta cikin fim, wadda ta mutu tun kashi na uku, ta samu biyu. Ɗantani ko ɗaya.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida, yayan Yusra ya shigo ya zauna gefen tabarmar Malam.

"Baba, in suka kashe Ɗantani, Legas zan tafi," in ji shi. "Abokina ya samo mini tuƙi a wani kamfanin ruwa."

Malam ya ce, "Legas kuma? Ka yi haƙuri ka ga abin da Allah zai yi."

"Shekara huɗu ke nan ina harkar fim, Baba. Ko a gidan nan ba mai kallona, balle a waje."

Ban ɗago kai ba. Sai da na lura ina zubar da shinkafar ina tara tsakuwa a faranti. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske. Na riga na ba da yaron nan sau ɗaya, Indabo da ke nan kusa ma sai da ya shekara goma. Legas in ta karɓi mutum ba ta san ta mayar ba. Kuma ba ni da bakin da zan ce masa kada ya tafi, ni da ko "ina kwana" ta hanyar tukunya nake amsa masa.

Washegari na ciro tsohuwar kalanda daga bango, na juya bayanta, na ɗauki biro. A raina na ce wadda ta zana hula dubu, mai tallar kifi ɗaya ne zai gagare ta? Na fara daga hula, don nan na fi ƙarfi, na gangaro. Ina cikin kafaɗa Yusra ta faɗo ɗakin ba sallama, halinta ke nan. Ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo.

"Umma, wannan sabon zanen hula ne? Ya yi kyau. Amma me ya sa ya yi ƙafafu?"

"Ɗantani ne."

Ta dube ni, ta dubi takardar, ta toshe baki da mayafi. Na ce mata in dariyar nan ta fito, ko maganar nan ta fita daga ɗakin nan, ita da cin dambun hannuna sai a lahira. Ta haɗiye. Ta je ɗakinta ta dawo da fensir da kilina da fararen takardu, ta zauna ta naɗe ƙafa kamar wata malamar Islamiyya.

"Na farko, ajiye biro. Na biyu, ba a fara mutum daga hula. Daga ƙashi ake farawa."

"A'uzubillahi. Yaron mutane da ransa zan zana masa ƙashi?"

"Sanda-sanda kawai, Umma. Layi ɗaya na gadon baya. Da'ira a sama, kai ke nan. Ƙwai babba a ƙirji, ƙwai ƙarami a ƙugu. Hannu da ƙafa layi, duk inda gaɓa take ki sa ɗan ƙaramin zagaye. Riga sai a ƙarshe. Kuma ki daina danna fensirin haka, ba bashi ya ci miki ba, a hankali ake ja don a iya gogewa."

Ni da na koya mata riƙe cokali, yau ita ke kama mini yatsu. Na bi, don ina da buƙata.

Kwana uku ina zana sanduna. Ta koya mini cewa tsawon mutum kansa bakwai da rabi ne in aka jera. Gwiwar hannu tana daidai da ƙugu, yatsu suna sauka tsakiyar cinya. Ban yarda ba sai da na miƙe na gwada a jikina, na tarar haka ne, shekara hamsin da biyu ina yawo da hannuwan nan ban san inda suka tsaya ba. Babban laifina a wurinta shi ne daidaitawa. Duk abin da na yi a dama sai na yi irinsa a hagu.

"Umma, mutum ba hula ba ne. Ba ya tsayuwa cif. Nauyinsa yana kan ƙafa ɗaya, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Ki samu mutum ya tsaya miki ki gani."

Mutumin da ke zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi tun da ya yi ritaya, ai Malam ne. Dole na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya shafa gemu.

"Turai, kin dai san malamai sun yi magana a kan zanen abu mai rai."

Na miƙa masa takardar da na yi da safe. "Duba nan. Ka ga alamar rai a jikin wannan?"

Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce gaskiya bai gani ba. Ya miƙe, na ɗora masa tiren shayi a ka, ya riƙe da hannu ɗaya. Yusra ta nuna mini yadda ake awo: a miƙe hannu da fensir, a rufe ido ɗaya, a sa babban yatsa a auna kai, sannan a ƙirga sauran jiki da shi. Malam ya ce shekara talatin da aure ban taɓa kashe masa ido ba sai yau da ya ɗauki tire. Ya yi minti ashirin a tsaye yana mita. Da na gama, tsayuwar ta fito daidai, sai dai Ɗantani ya samu tumbi, dole na rage.

Hannu kuwa kada Allah ya haɗa ku da shi. Duk wanda na zana sai ya fito kamar ɗanyar citta. Na yi dabara na tura ɗaya ƙarƙashin tire, ɗaya cikin aljihu. Yusra ta ce duk sabon shiga haka yake yi, wasu ma bayan mutum suke ɓoye hannun, in fara da tafin kamar 'yar akwati sannan in dasa yatsu. Na ce mata aljihun nan an ɗinka shi ne don a sa hannu, kuma a nan zai zauna.

Saura kai. A fim ɗin kullum Ɗantani yana can nesa bayan kafaɗar Bilya, fuskarsa ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba a wayata. Na gwada satar awo a gida. Yana cin tuwo a tsakar gida, na laɓe a ƙofar kicin, na miƙa fensir, na rufe ido ɗaya. Ban kai ga sa yatsa ba ya ɗago. Na mayar da fensirin cikin ɗankwali ina susa kamar mai ƙwarƙwata. Ban sake gwadawa ba.

Sai na zana kan yadda na san shi. Yusra ta auna da fensirinta ta ajiye.

"Umma, kai huɗu kika yi masa. Bakwai da rabi na ce. Abin da kika gani za ki zana, ba abin da ke ranki ba."

"Haka kansa yake."

"Wallahi ba haka kan Yaya yake ba."

"Ke kika sani ko ni? Je ki tambayi ungozomar da ta karɓe shi, tana nan da ranta."

Ta ga ba za ta ci riba ba, kuma ranar rufe karɓar zane ta zo. Ta kai takardar bakin taga inda haske yake, ta ɗauki hoto ba inuwa, ta buɗe mini shafi da sunan Masoyin Ɗantani, ta ɗora. A ƙasa na sa ta rubuta, "Allah ya bar mana Ɗantani." Kafin ta tafi makaranta ta ja mini kunne: kada in karanta abin da mutane za su rubuta a ƙasa.

Tana fita na sa tabarau na karanta duka.

Na farko ya ce, "Wannan kai ne ko tulu?" Na biyu ya ce tiren ne ya kamata ya ɗauki kan, ba kan ya ɗauki tire ba. Wata yarinya, da gani ba ta san zafin naƙuda ba, ta ce a taimaka a kai shi asibiti. Raina ya ɓaci. Na zauna da yatsa ɗaya ina ba su amsa bi da bi. Na ce wa mai maganar tulun ya zana nasa mu gani, marar kunya. Na ce wa yarinyar ta je ta wanke wa uwarta kwanuka. Ashe a wurin nan in ka tanka, ƙara musu ƙarfi kake yi. Suka taru a kaina. Wasu suka fara zana nasu Ɗantanin, kowa yana ƙara girman kan, har wani ya zana gadar Wudil ta lotsa a ƙarƙashinsa. Kafin Alhamis hoton ya zagaye gari. Maƙwabciyata ta turo mini shi a waya da kanta, wai in ga abin da 'yan hassada suka yi wa ɗana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kwashe shinkafa da wake, ya shigo. Ko sallamar kirki bai yi ba. Ya tsaya gaban Malam da waya a hannu.

"Baba, ka ga wulaƙancin da aka yi mini? Tun daga ƙofar masallaci yara ke bina suna mai tulu, mai tulu. Wani dattijo mai sayar da huluna ya tare ni wai in zo ya gwada mini, yana da babba. Gara a ce ban samu zane ko ɗaya ba. Wannan maƙiyi ne, ya zauna takanas ya yi don ya tozarta ni, har da sa wa kansa suna masoyi."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kafaɗunsa suna motsi. Yusra ta shige bayan randa.

"Na karɓi tikiti, motar ƙarfe bakwai gobe. Ba zan tsaya su kashe ni a fim bayan an kashe ni a gari ba. Shi kuma wanda ya yi zanen nan, ko waye shi, ban yafe ba." Ya ɗaga yatsa sama. "Kuma Allah ya..."

"Kai! Rufe bakinka."

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Kowa ya juyo, har kajin gidan suka tsaya. Tun da aka haife shi ban taɓa yi masa magana kai tsaye da ƙarfi haka ba. Amma ina ji ina gani ɗa zai ja wa uwarsa Allah ya isa? Ko bai sani ba, ba ni abin zai kama ba, kansa zai koma. Kunya ta ce in yi shiru, tsoron Allah ya ce in yi magana.

Na shiga ɗaki na ɗaga katifa, na kwaso takardun duka, tun daga bayan kalanda har na ƙarshe, sun fi hamsin. Na zube su a tabarma gabansa, na koma bakin murhu na juya baya.

"Ni ce maƙiyin."

Sai na ji ƙarar takarda, yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce sandunan, ya wuce mai tumbin, ya wuce hannuwan citta.

"Umma," ya ce a hankali, "ke kina kallon fim ɗin?"

"Ɗantani nake kallo," na ce wa tukunya. "Kuma a kashi na sha ɗaya bai kamata ya bar wa Bilya tiren ba. Wanda ya cinye maka kifi sau uku ba a ba shi ajiya."

Ya yi wata irin dariya da ta ƙare da jan hanci. Malam ya samu dama ya saki tasa da ya daɗe yana riƙewa, har da tari.

"To amma Umma, kan fa? Me na yi miki?"

Na so in ce fensirin ne, ko in ce Yusra ce ba ta iya koyarwa ba. Gaskiya ta riga ta fito.

"Haka na san shi. Rabon da in kalle shi da kyau, tun yana kwana shida, kafin dangi su cika gida ranar suna. A lokacin haka kan yake."

Dariyar Malam ta tsaya. Na ji kunya kamar in nutse, na kuma ji haushin kaina, na ji haushin Lukman da ya jawo duk wannan. Tunda abin ya riga ya lalace, na goge hannu a zani, na ɗauko fensir da sabuwar takarda, na jawo kujera 'yar tsugunno.

"Zauna can inda haske yake. Zan gyara."

Ya zauna. Na miƙa hannu da fensir, na rufe ido ɗaya, na buɗe ɗayan a kan fuskarsa.

Kan dai daidai yake, Yusra ta yi gaskiya. Amma ba wanda ya gaya mini yana da tabo a gefen girar hagu. Na tambaya, ya ce daga bishiyar mangwaro ya faɗo a Indabo yana ɗan shekara bakwai, har aka yi masa ɗinki. Ba wanda ya gaya mini idanunsa na mahaifina ne sak, har yadda na daman ya ɗan fi ƙanƙanta. Akwai furfura guda ɗaya a gemunsa. Yaron da nake miƙa wa abinci ta hannun ƙanwarsa har ya fara furfura ban gani ba. Idon da na buɗe ya cika da ruwa, na ce hayaƙin murhu ne, alhali wutar ta daɗe da mutuwa.

"Idanu a tsakiyar kai suke, Umma, ba a goshi ba," in ji Yusra daga bayan randa.

"Na gani. Yi mana shiru."

Har aka kira la'asar da'irar kai kawai na yi da layin idanu. Ya miƙe yana miƙa, ya leƙa takardar.

"Umma, motar fa ƙarfe bakwai ce."

"Fuska ba ta zanuwa a yini ɗaya. In ka tafi, wancan mai tulun ne zai zauna a Fesbuk har abada, da shi za a san ka. Ruwanka."

Washegari ƙarfe bakwai yana kan kujerar, haske yana dukan kuncinsa na dama, yana tambayata ko ya cire hula.

Lukman ya ga hayaniyar da aka yi a kan Ɗantani ta fi ta Bilya, ya ɗage mutuwar zuwa wani lokaci da bai faɗa ba. Ban yarda da yaron nan Lukman ba, don haka ban saki jiki ba. Kullum bayan karin kumallo yayan Yusra yana zama mini rabin awa. Yau wata biyu ke nan. Jiya Yusra ta ɗauki takardar ta ce hancin ya fito daidai, kunnuwa ma sun yi, saura inuwa kaɗan a gama a ɗora. Na ce mata na gode. Tana fita na ɗauki kilina na goge hancin.